Sodangi da Tazkarar Gindin Bango

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kasuwa da hantsi a ƙauyenmu, nan kusa da Suki, ya san ƙarar tafin Baba Sodangi. Ba biki ake yi ba, kuma ba kowa a filin nadi, wato kulob ɗin manoma, sai shi kaɗai. Zai share filin tas, ya yayyafa ruwa don ƙasa ta kwanta, sannan ya bi kujeru da bencina ɗaya bayan ɗaya yana shafa su da hannu, ko akwai ƙusar da ta ɗago kai za ta yage wa wani riga. In ya gama, sai ya tsaya a tsakiyar fili ya tafa sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Ya matsa taki biyar, ya sake tafawa. Haka zai zagaye filin nan har gindin bango. Matan da ke dawowa daga ɗibar ruwa sukan ce, "Allah sarki, tsohon nan ya fara." Shi kuwa ko ɗago kai ba ya yi.

Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan aikin.

Ni ce Ramatu, matar marigayi Almu mai injin ban ruwa. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma taɓa kawo wa jaridar bangon nadi rubutu ba. Amma an ce bayan Babbar Salla Baba Sodangi zai ajiye aiki, gwiwoyinsa sun ƙi, kuma za a koma sabon zauren siminti mai kujeru masu lamba. Akwai wata magana a wuyana game da shi, ba na so ya tafi ban sauke ta ba.

'Yan baya ba su san yadda aka yi hafla ta shigo garin nan ba. Hafla ita ce zaman sauraron mawaƙi da tazkara, wato 'yar takardar shiga. Da manoma suka gina nadi suka ce za su riƙa kiran mawaƙa bayan an gama tsinkar auduga, dattawa suka ƙi. Suka ce kakanninsu ba su baro Sakkwato da ƙafa don jikokinsu su zo bakin kogin nan su cakuɗe maza da mata a gaban mai ganga ba. Aka yi wata uku ana ja. Daga ƙarshe liman ya ce ya yarda bisa sharaɗi biyu: a tashi kafin kiran magariba, kuma a ja igiya tsakanin maza da mata. Ya ce, "To, wa zai ɗauki nauyin wannan?" Kowa ya dubi ƙasa. Sai wani mutum da bai daɗe da dawowa daga Makwar ba, inda ya yi aikin jera kujeru a nadin ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ce, "Ni, Allah shi gafarta malam." Sodangi ke nan. Tun daga ranar ba a taɓa kiran salla mawaƙi na kan dakali ba, ba a kuma taɓa rasa igiya a filin ba.

Tazkara iri uku ce. Ja ta kujerun ƙarfe ce, can gaba daf da dakalin mawaƙa, inda afandai, wato ma'aikatan ofis, da manyan 'yan kasuwa ke zama. Koriya ta benci ce. Fara kuwa ta tabarma ce, a baya. A wasu garuruwan mutum kan miƙa kuɗi a jefo masa takarda, ya shiga ya nemi wa kansa wuri. Ban da tagar Sodangi. Shi sai ya yi tambaya. "Ke da wa za ki zo?" "Idon nan naka yana ganin nesa?" "Goyon nan ya daina kuka ko har yanzu?" Layi ya yi tsawo, mutane na tsaki, shi ba ruwansa. Da yake ba ya rubutu, sai ya juya bayan tazkara ya yi alama da fensir: zobe, ko ƙafar kaza, ko layi biyu. Ranar hafla yana ganin alamar zai san inda ya tanadar wa mai ita.

A tambayi Fatsuma mai sayar da kisra, wato wainar dawa, wadda ta haifi tara a garin nan. Duk shekarar da take da goyo, bakin ƙofa yake zaunar da ita, don ta fita ta dawo ba ta taka kowa ba. A tambayi Audi Dogo, wanda ya yi shekara goma yana sayen koriya ana kai shi ƙarshen benci, yana ƙorafi. Sodangi ya ce masa, "Ya zol, mutumina, kai Allah ya ba ka daraja ta ɗaya a wuyanka. Bar gajeru su gani." Akwai wasu maƙwabta biyu da suka yi faɗa kan ranar ban ruwa a gona har suka daina gaisawa. Shekarar farko ya raba su nesa. Ta biyu ya rage tazara. Ta uku suka tarar da kansu a benci ɗaya, suka fita suna gardamar wanda ya fi iya kaɗa ud, molon Larabawa, a cikin makaɗa. Baƙin da ke zuwa tsinkar auduga kuwa, waɗanda ko farar tazkara ta fi ƙarfinsu, ba ya korarsu daga bayan katanga. Yakan share musu wurin ma, ya ajiye musu randar ruwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, in aka fara waƙa, Sodangi kan tsaya a gefen dakali ya juya wa mawaƙi baya. Fuskokin jama'a yake kallo: wa rana ta dame shi, wace tsohuwa ce ƙafarta ta sage, wane ne aka tsare masa gani. Mawaƙan da suka hau dakalin nan sun fi a ƙirga, amma bai taɓa kallon ɗayansu yana waƙa ba.

Yanzu ga nawa labarin.

Almu mijina Bagobiri ne. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka taso daga yamma da niyyar hajji, suka yi shekara biyu a hanya, guzuri ya ƙare musu a nan. Ya girma a cikin ruwan gona, daga baya ya zama mai kula da injin ban ruwa. Ƙarar injin ta kashe masa kunnen hagu gaba ɗaya, ta bar na dama rabi. Ruwan kuma ya sa masa tsargiya, ta zauna masa a hanta. Bara, bayan tsinkar auduga, likita a Makwar ya dubi cikinsa da ya kumbura, ya dube ni, ya ce in kai shi gida in riƙa ba shi duk abin da ransa ke so. Na gane.

Ba nama ransa ke so ba. A makon ne aka yi shela cewa Mahadi ɗan Damazin zai zo nadi. Mahadi namu ne, Bahaushe, amma da Larabci yake waƙoƙinsa, sai guda ɗaya da yake rufe taro da ita da Hausa, wadda yake jero sunayen garuruwan da iyayenmu suka ratsa daga yamma har zuwa nan. Almu ya taɓa jin ta sau ɗaya tun kunnuwansa na da lafiya. Ya kan ce duk garin da aka ambata a ciki ya kwana a cikinsa a gefen uwarsa.

Ya ce mini, "Ramatu, in na ji ta sau ɗaya kuma, shi ke nan."

Na ce, "Kai da rediyo ma sai an manna maka a kunne?"

Ya ce, "To ki manna mini Mahadin."

Washegari na sayar da tunkiyata, na nufi tagar nadi. A raina na ce ko sau ɗaya a duniya Almu zai zauna a kujerar ƙarfe, a sahun farko, inda zai iya taɓa rigar mawaƙi. Ina kurma zai zauna in ba gaba ba? Kowa a garin nan haka zai ce.

Layi ya zo kaina. Na ce, "Ina kwana, Baba. Ja guda biyu."

Ya leƙo ta taga. "A'a, ɗiyata, yau ke ce da ja? Bawan nan nawa ya yi gado ne?" Shi Bakatsine ne, shi da Almu ba sa haɗuwa sai da tsiya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa.

Na gaya masa abin da likita ya ce. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Wane kunne ya rage mishi?"

"Na dama."

"Shina iya zaman kujera awa biyu?"

"Zai daure."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Na ce ba zai iya ba, amma zai daure. Sai na ga ya mayar da jajayen cikin gwangwani. Ya zaro farare biyu, ya juya bayansu ya ɗiga ɗigo biyu, ya ja layi a tsakaninsu. Ya turo mini su da sauran kuɗina.

"Ba ni saida miki ja," in ji shi. "Gindin bango za ku zauna."

Wallahi ban ji sauran maganarsa ba. Yana ta faɗin wani abu game da lasifika da ganga, ni kuwa jini ya riga ya hau mini kai. Mijina ya ƙare ransa yana shayar da gonakin mutanen nan, ranar da na zo da kuɗina a hannu a ce masa bayan kowa? Na ɗaga murya yadda duk layi zai ji. Na ce ya ga mu ba masu wando da takalmi ba ne. Na ce ya ajiye wa iyayen gidansa kujeru. Na kira shi karen afandai. Mutum sa'an ubana, a gaban mata da maza, a gaban 'yan kasuwa.

Bai rama ba. Ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ɗiyata. Ɗauki takardunki. In bai ji ba, ki dawo nan ki ƙara mini, in tara miki mutane da kaina."

Na ɗauka don ba ni da wata taga da zan je. Ban gaya wa Almu ba. Na ce masa kawai ja ta ƙare.

Masu wucewa sun ce a kwana ukun da suka rage, tafin Sodangi ya fi na kullum yawa, kuma duk a kusurwa ɗaya yake yi, inda katangar nadi ta haɗu da dogon bangon sito na auduga. Sun ce har toshe kunnen hagu yake da yatsa, ya sa Audi Dogo ya tsaya a kan dakali yana ƙirga ɗaya zuwa goma ta lasifika.

Ranar hafla, bayan la'asar, muka kawo Almu a keken jaki. Sodangi na bakin ƙofa. Ya karɓi tazkara ya yage rabi, ya miƙo mini rabi, bai nuna ya tuna da komai ba. Ya dubi Almu ya ce, "Kai bawa, haka ake zuwa gaban ubangiji a kwance?"

Almu ya ce, "Mi ya ce?"

Na maimaita masa a kunne. Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. "Ce mishi Bakatsine ne ke ɗaukar Bagobiri, ya zo ya yi aikinshi."

Ya kuwa zo. Shi da Audi suka ɗauke shi har kusurwar nan. A can muka tarar da angarib, gadon igiya, an jingina masa matasai biyu, inuwar dogonyaro ta riga ta rufe wurin. Sodangi ya juya gadon kaɗan, ya sake juya shi, har kunnen dama ya fuskanci bango.

Sai a lokacin na lura da igiya. Kullum daga tsakiyar dakali take miƙewa zuwa tsakiyar katangar baya, maza a dama, mata a hagu. Ranar nan ta karkace. Ta taso daga tsakiya, ta yi ta gangarowa gefe, har ta zo ta wuce daidai ƙafar gadon Almu. Ɓangaren maza ya tsuke a baya, ba abin da ya ɗauka sai gadon. A ɗaya gefen igiyar kuwa ga tabarma guda, da 'yar butar ruwa.

"Nan naki," in ji Sodangi. "Na sa ki wajen kunnen da ba ya ji, don ya huta da faɗa."

Alhaji Abdussalami, shugaban nadi, ya taho da sauri yana riƙe da bakin rigarsa. "Sodangi, mi ya sami igiya? Maza sun matsu a baya."

"Alhaji, liman ya ce a ja igiya tsakanin maza da mata. Ga maza, ga mata, ga igiya."

"Ai ta karkace!"

"Bai ce ta miƙe ba."

Alhaji ya dubi gadon, ya dube ni, ya shafa gemu, ya koma kujerarsa.

Na zauna. Igiya na tsakaninmu, amma in na miƙa hannu ta ƙarƙashinta ina kai wa ga hannun Almu. Sai na tuna cewa jajayen kujerun mata suna can ƙarshen hagu, na maza a ƙarshen dama. Da na sami abin da na zo nema, da fili guda ne tsakanina da shi, ba mai ba shi ruwa, ba mai gyara masa matashi.

Aka fara. Daga inda muke, mawaƙin bai fi tsawon hannuna ba. Amma muryarsa ta zo ta doki dogon bangon nan ta sauko mana kamar a ɗaki ɗaya muke da shi. Ashe lasifikan nan biyu da ke kan dogon sanda sama da dakali, ta kan mutanen gaba suke harba murya. Na hango afandai a kujerun ƙarfe, rana na dukan fuskarsu, sun kare ido da jarida, ganguna uku na dukan ƙirjinsu. Mahmudu mai kanti, wanda ya zauna a sahun farko, ya faɗa daga baya a kasuwa cewa shi bakin Mahadi kawai ya ga yana motsi.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Almu ya rufe ido, bai motsa ba. Aka yi waƙa ta ɗaya, ta biyu, ta biyar. Na kasa sanin ko ji yake ko barci. Na ji tsoron tambayarsa. Can gefen dakali Sodangi na tsaye, bayansa ga mawaƙi, idonsa a kusurwarmu.

Rana ta yi ƙasa. Mahadi ya ɗaga hannu ganguna suka lafa, ya juya harshe zuwa Hausa. Ya ambaci Sabon Birni. Ya ambaci Maraɗi, ya ambaci Damagaram. Na ji yatsun Almu sun matse nawa. Leɓɓansa suka fara motsi. Aka ratsa Barno, aka haye kogi, aka shiga daji. Mahadi ya ja numfashi ya ce Jinaina.

Almu ya buɗe ido. Ya yunƙura ya ɗago kai daga matashi.

"Ya tsallake Abashe," in ji shi.

Na ce, "Mi?"

"Abashe! Can munka yi damina. Ya tsallake ta!"

Muryarsa ba ta wuce tabarma uku ba. Amma Sodangi ya ga ɗagowar kan. Ya ratso ta gefen katanga da gwiwoyin nan nasa, ya sunkuya ya ji, ya koma. Ya jira mawaƙin ya kai ƙarshen baiti, sannan ya yi magana ta kafaɗa, bai ko juya ba: "Malam Mahadi, akwai wani Bagobiri a baya, ya ce ka bar shi a Abashe, ka koma ka ɗauko shi."

Maganar ta shiga lasifika. Fili ya kwashe da dariya, har mutanen bayan katanga. Mahadi ya dafa ƙirji, ya duba baya, ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Yalla, mu koma." Ya komo da waƙar baya ya sa Abashe a wurinta, ya maimaita ta sau uku. Daga nan Fashir, Nahud, Ubayyid, Kosti, har Makwar. Almu na bin sa gari gari, hawaye na gangara cikin kunnen da ya ji da shi. Ana gamawa ladan ya yi gyaran murya.

A keken jaki ya ce mini, "Ramatu, gara da ja ta ƙare."

Kwana tara ya ƙara. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

Baba Sodangi ya zo gaisuwa, ina ciki ina takaba, daga zaure ya yi addu'a ya tafi. Da na fita takaba na yi niyyar zuwa sau da yawa. In na kai kwanar nadi na ji tafin nan, sai kunya ta juya ni ta bayan sito. Shekara ta zagayo ban ce masa komai ba.

To, Baba, ga shi yau. Na san ba ka karatu, amma za a karanta maka, kuma a gaban mutane nake so, don a gaban mutane na zage ka. Ka yafe mini. Kai ne ka ƙi karɓar kuɗin tunkiyata alhali ba wanda zai tuhume ka in ka karɓa. Kai ne ka ɗauki zagi ka kai shi gida, ka dawo da safe ka toshe kunnenka kana neman wa mijina wuri. Kai ne ka karkatar da igiya ba ka tsinka ta ba. Sodangi kunnen nadi, na gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya tanadar maka mazauni mai inuwa ranar da kowa ke neman wuri.

Ku kuma da za ku riƙe tagar sabon zaure, an ce kowace kujera da lambarta, ba sai an yi alama da fensir ba. Madalla. Amma lamba ba ta san mai goyo ba, ba ta san kurma ba. Kafin ku miƙa wa mutum takarda, ku ɗago kai ku dube shi, ku tambaye shi da wa zai zo. Kuma ku je ku tafa a zauren nan tun ba kowa, ko da mata za su ce kun fara.

Rabin tazkarar nan tana nan a cikin akwatina, ɗigo biyu da layi a tsakani. Kusa da ita akwai wata sabuwa, fara, cikakkiya, ta haflar ƙarshe da za a yi a tsohon fili bayan Salla. Fatsuma ce na aika ta sayo, ka yi mata tambayoyinka, ta ce maka ta wani tsoho ce mai ciwon gwiwa wanda bai taɓa kallon hafla ba, kai da kanka ka yi mata alamar gindin bango. Taka ce, Baba. Audi Dogo ya ce zai tsare ƙofa, Alhaji ya ce zai ja igiya. Kai dai ka zo ka zauna, ka ba mu baya sau ɗaya, ka kalli mawaƙi.